Sunan da Zai Amsa

Budai, kwana goma da rasuwar A-Sen

Zuwa ga ƙanwata Shu-luan,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, kuma jikin mijinki da sauƙi. Furannin da kika aiko sun iso, na gode. Kin kira waya sau shida ban ɗauka ba, kuma da gangan ne. A waya ba na kai ƙarshen magana kike shigowa da bayani irin naku na malaman makaranta. Takarda ba ta katse mutum, saboda haka ki nemi wuri ki zauna.

Kin ji yadda abin ya faru: ranar Asabar, a kan keke, shi da abokan aikinsa, a wata kwana ta hanyar dutse bayan Hsinchu. Abin da ba ki ji ba shi ne na ranar da muka je ɗauko kurwarsa. Kin san wanda ya mutu a hanya can yake tsayawa, a ruɗe, sai nasa sun je sun kira shi. Mun tafi da Malam Ong, wanda ya yi wa babansa hidimar jana'iza. Ya ɗaura farar rigar A-Sen a reshen gora, matarsa Wan-ju ta riƙe baƙar lema, aka kunna turare, aka kaɗa ƙararrawa. Malam ya ce in kira cikakken suna. Na ce, "Tsai Bing-sen, ga uwarka, zo mu tafi gida." Aka jefa kwabban nan biyu don a ji ko ya zo: in ɗaya ya nuna fuska ɗaya ya nuna baya, to ya amsa. Duka suka kife.

Na sake kira, aka sake jefawa. Sau goma sha uku, Shu-luan, ba sau ɗaya da aka samu fuska da baya. A na goma sha huɗu ɗaya ya gangara ƙarƙashin ƙarfen gefen hanya, Malam Ong ya leƙa ya ce ai ya amsa, mu shiga mota. Rana ta dame shi ne kawai. Ko dutse aka yi ta tambaya sau goma sha huɗu zai dace sau ɗaya. A kowace gada na ce masa ga gada, ka haye, kamar yadda ake yi, amma na san kujera nake yi wa magana. Ɗana yana can a kwanar nan.

Na yi tunani har kaina ya yi zafi, na gano dalili. Yaron nan bai san sunansa ba ne. Tun yana ɗan shekara takwas, ranar da na tura miki shi ajinki na lesin Turanci a Chiayi, ya dawo mini da wani suna kamar an ɗinka masa a goshi. Makaranta Benson, jami'a Benson, ofis Benson, har matarsa da suke kwana ɗaki ɗaya Benson. Shekara ashirin da biyar. Ni kaɗai na rage ina cewa A-Sen, sau biyu a shekara, in ya zo hutu.

Kin san yadda aka sa masa sunansa. Kakansa ya je wurin mai duba, aka ce yaron itace ya yi masa ƙaranci a ƙaddararsa, shi ya sa aka ba shi Sen, da ake rubutawa da bishiya uku. Kariya ce aka yi masa. Ke kuma kika ɗauki littafinki na kalmomin Turawa masu kama da sunayen mutane, kika sauya masa da wanda ko tsinke babu a ciki.

Malam Ong ya ce in dai hankalina bai kwanta ba, ana iya komawa kafin kwana arba'in da tara su cika, ranar da za a gama komai. Ke kika sa masa sunan nan, ke za ki zo ki cire masa. Ki tsaya a kwanar nan ki gaya masa ajin ya tashi.

Ki gai da mijinki.

Yayarki,
A-Tao

Taitung, kwana na goma sha huɗu

Zuwa ga Yaya A-Tao,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma ban katse ki ko sau ɗaya ba.

Yaya, ba zan iya zuwa ba, kuma kin san ba ƙarya nake yi ba. Tun da ɓarin jikin mijina Fang ya shanye, ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci a baki. Ranar jana'izar na nemi mai zama da shi ban samu ba, na zauna a bakin gadonsa ina kallon agogo, ina cewa yanzu sun kai nan, yanzu sun kai can. A-Sen ya yi shekara shida yana cin abincin rana a gidana. Ni da ban haihu ba, shi ne wanda na sani. Kada ki ɗauka ke kaɗai aka yi wa rashi, ko da yake naki ya fi.

Zancen suna kuwa, ki bari in faɗi nawa. Ba ni na ƙirƙiro abin ba. A lokacin ba ajin Turancin da ba ya ba yara suna, iyaye ma da kansu suke tambaya tun a bakin ƙofa. Sauran malamai kwali suke cikawa da takardu, yaro ya sa hannu ya zaro, ko me ya fito shi ke nan. A wani aji na ga yara huɗu masu suna ɗaya, ana bambanta su da lamba. Ni na ƙi wannan. Sai in zaunar da yaro, in faɗi sunansa na gida da ƙarfi, in yi ta maimaitawa, in rubuta duk kalmar Turancin da ta yi kama da shi ko ta ƙare da irin sautinsa. Sannan in soke na dabbobi, da na abinci, da masu mugun nufi. Akwai wata yarinya Mei-lun da ta yi kuka don na hana ta melon, ita a dole sai an kira ta da sunan kankana. Abin da ya rage bayan sokewa, shi yaro ke kai wa gida a zaɓa.

Na yi haka ne don kada yaro ya yi nisa da sunansa. Ina so in an kira shi da baƙon, ya ji ƙamshin na gida a ciki. Ki faɗi Bing-sen, ki faɗi Benson, ki ji. Ban sare masa bishiyoyinsa ba, Yaya.

Ga shawarata, in za ki karɓa daga ƙanwa. In kun koma, ki bar Wan-ju ta kira shi yadda ta saba. Abin da ake nema ya taso daga wurin nan, ba wanda ya yi gaskiya tsakanina da ke ba.

Ki ci abinci. Na san halinki, in ranki ya ɓaci sai ki ciyar da kifi ki manta da kanki.

Ƙanwarki mai biyayya,
Shu-luan

Budai, kwana na ashirin

Malama Shu-luan,

Ina gaisuwa. Shawararki ta iso, na ajiye ta inda nake ajiye tsofaffin raga.

Mun koma shekaranjiya, da wani malamin daban daga Tainan, mai haƙuri. Sau tara. Sau ɗaya ya faɗi daidai, na biyun ya rushe, kuma uku ake so a jere. Wan-ju ta buɗe baki na kalle ta, ta rufe. Ki ce mini muguwa, na yarda.

Ke ba ki ga zauren jana'izar ba. Kwandunan furanni tun daga ƙofa har titi, daga ofishinsu, kowanne da rubutun Turawa. Na yi ta bi ina neman sunan ɗana kamar mai neman takalminta a bakin haikali. Wani dogo mai tabarau, wai shi ne shugabansu, ya kama hannuna yana kuka da majina yana cewa, "Mama, Benson mutumin kirki ne." Na tambaye shi ko ya san sunan yaron na gaskiya. Ya juya yana kallon na bayansa, na bayansa ya ciro waya yana dubawa. Shekara bakwai suna aiki tare.

Yanzu ki gaya mini, ke mai ilimi. In Wan-ju ta kira shi da wancan sunan ya taso, wa na kawo gida? A allon kakanni Tsai Bing-sen za a rubuta, ƙarƙashin babansa. Babansa ya mutu bai taɓa furta Benson ba, kakansa ma haka. Ya isa can su tambaye shi wane ne, ya ce musu me? Gidan takardar da za mu ƙona masa, da tufafin, duk da sunan gida za a aika. In ya manta sunan, wa zai karɓa?

Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ina tsoron ya amsa mata. In ya amsa mata a kira ɗaya bayan ni na yi ashirin da uku, to na san matsayina, kuma da wannan sanin zan ƙarasa kwanakina a bakin tafkin nan.

Kin ce kin sa ƙamshin gida a ciki. Ni ban ji ƙamshin komai ba. Bakina ma ba ya iya faɗinsa, kuma ba zai koya ba.

A-Tao

Budai, kwana na ashirin da takwas

Zuwa ga Inna Shu-luan,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gai da Baba Fang da jiki. Ni ce Wan-ju, matar Benson. Sau biyu kawai muka haɗu, ranar bikinmu da wata Sabuwar Shekara. Na ga adireshinki a bayan ambulan, ki yafe mini. Mama ba ta san na rubuto ba.

Na ɗauki hutu na dawo nan wurinta. Ba ta cin abin kirki. Da asuba take fita tafki, ta watsa wa kifi abinci, ta tsaya tana kallon injin da ke kaɗa ruwa har rana ta take. Jiya na dafa mata kunun shinkafa da cikin kifi, ta ce gishiri ya yi yawa, ta ture. Ban sa gishiri ba ko kaɗan.

Inna, ni ban san ko na yarda da zancen kwabban nan ba. A birni na tashi. Amma na tsaya a kwanar nan sau biyu riƙe da lema, sunan mijina yana bakina, an hana ni faɗa. Ko sallama ban yi masa ba. Ba na so in yi faɗa da ita, ɗanta ne tun kafin ya zama mijina.

Tambaya ce ta sa na rubuto. Lokacin da ya fara aiki, ya tarar da wani Benson a sashensu, babba ne a kansa. Aka ce ya canza don kada saƙonni su riƙa cakuɗewa. Abu ne da ake yi kullum, ni kaina sau biyu na canza nawa, ba wanda ya damu. Shi ya ƙi. Har aka kira shi ofis a kan maganar, ya ce su ƙara masa harafi ko lamba, amma sunan yana nan. Na yi masa tsiya, na ce sai ka ce sunan gado. Ya ce mini, "Mamata ce ta zaɓa mini. Ba ta san ko harafi ɗaya na Turanci ba, amma ita ta zaɓa."

Ya sha faɗar haka, har a wurin cin abinci da abokai, yana faɗa yana wani ɗaga kai. Shekaranjiya na gwada yi wa Mama zancen a hankali. Ta ce ƙarya ne, ita ba ta taɓa zaɓar wannan abin ba, aikin ƙanwarta ne. Ta tashi ta bar mini ɗakin.

Ke kaɗai kika rage da kika sani. Shin ƙirƙira ya yi don ya ji daɗi? In ƙirƙira ce ki gaya mini, zan iya ɗauka. Saura kwana ashirin da ɗaya.

'Yarki,
Wan-ju

Taitung, kwana na talatin da uku

Yaya,

Ina gaishe ki. Wannan karon ba bayani zan yi ba, laifi zan amsa.

Tun ranar da wasiƙarki ta farko ta zo na sauko da kwalin littattafan ajina, na sami shafinsa. Na gani, na mayar, na rubuto miki dogon zance a kan yadda nake aikina. Na ga gara ki yi ta zagina da in ɗora miki wannan a kan abin da kike ɗauke da shi. Sai Wan-ju ta rubuto mini, kada ki yi mata faɗa, na gane ba ke kaɗai nake ɓoye wa ba, har da shi.

Ga shafin nan na ciro na sa a ciki. A sama sunansa ne da bishiyoyinsa uku, da hannunsa ya rubuta, ki ga yadda ta ukun ta karkace. A ƙasa kalmomin da na jero ne. Waɗanda na soke su ne lesson, da person, da prison, wannan ta ƙarshen kurkuku take nufi, shi ya sa na soke ta sau biyu. Huɗu suka rage: Vincent, Jensen, Wilson, Benson. Ki duba kan na ƙarshen. Wannan tabon mai ruwan ƙasa babban yatsanki ne.

Ranar Asabar ce, lokacin kwasar kifi. Ni na rako shi gida a bas, ya riƙe takardar nan da hannu biyu tun daga Chiayi don kada ta lanƙwashe. Muka same ki a rumfa kina fafe kifi, masu mota suna jira, babansa yana cikin ruwa har ƙirji. Ya ce, "Mama, Inna ta ce ki zaɓa mini." Kika ce ya bari sai an jima. Ya ƙi tafiya. Sai kika ce in karanto miki, na karanto, hannunki bai tsaya da aiki ba. Da na zo na ƙarshen kika ce, "Wannan, ya fi kama da nasa." Kika dangwala yatsa a kai da jinin kifi, kika ce mu matsa muna tare miki haske.

Shi ke nan abin da ya faru, bai kai minti ɗaya ba. Amma a bas da muke komawa ranar Litinin ya hana ni goge tabon. Ya nuna wa duk 'yan ajin, ya ce su nasu da baki kawai aka zaɓa, shi nasa uwarsa ce ta sa hannu.

Ba don in ce ke ce mai laifi na aiko ba. Babu laifi a nan, Yaya. Kina ganin ya yar da sunan da kuka ba shi ya ɗauki na baƙi. Shi kuwa a wurinsa biyun duka daga gida suka fito, na farko daga kakansa, na biyu daga gare ki. Ya kai shi har inda ƙafarki ba ta taɓa zuwa ba, an ce ya ajiye ya ƙi.

Ban san wanda zai amsa ba. Ni malamar Turanci ce, ban san komai a kan matattu ba. A bayan takardar na rubuta miki yadda ake faɗinsa da rubutunmu, gaɓa biyu ne kawai. In ba ki so, ki ƙona.

Ki yafe mini kwana goma sha tara da na yi shiru.

Ƙanwarki,
Shu-luan

Budai, kwana na talatin da tara

Shu-luan,

Ina gaisuwa. Takardar ta iso.

Yatsana ne. Ga layin yankan da wuƙa ta yi mini tun ina budurwa, ya fito a ciki. Na ɗora yatsan a kai ya zauna daidai.

Amma ban tuna ba. Kwana huɗu ina ƙoƙari. Na tuna shekarar, na tuna ruwan ya yi ƙasa, na tuna har launin motar da ta zo ɗaukar kifi. Yaron da ke tsaye a gabana da takarda a hannu biyu ne ban tuna ba. Da kin bar ni da zaginki ya fi mini sauƙi, wannan kam kin yi gaskiya.

Shekara ashirin da biyar, duk wanda ya kira gidan nan ya ce Benson sai in ce ba mai wannan suna a nan, in kife waya. Ya sha ji da kunnensa. Dariya kawai yake yi, ya ce, "Mama ke nan." Bai taɓa ce mini ke kika zaɓa ba. Me ya hana shi faɗa?

Ban yi wa Wan-ju faɗa ba. Na ci kunun nata. Ba ta iya ba, amma na ci.

Malamin Tainan ya ba mu kwana na arba'in da bakwai. Ban yanke komai ba, kada ki sa rai.

Yayarki,
A-Tao

Budai, kwana na arba'in da takwas

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gai da Fang.

A-Sen yana gida.

Da muka isa kwanar na ce malamin da direba su koma can wurin mota. Na karɓi reshen gorar da kaina. Wan-ju ta riƙe lema, na ce ta tsaya kusa da ni, ta yi sallamarta yadda take so, ta yi. Sannan na kira, na jefa da hannuna. Fuska da baya, sau uku a jere.

A allo Tsai Bing-sen aka rubuta, ƙarƙashin babansa. Takardarki na naɗe na sa a cikin gidan da za mu ƙona masa gobe, in sun tambaye shi a can ya nuna musu yatsan.

Kada ki tambaye ni da wanne na kira shi. Gada ashirin da shida ce tsakanin can da nan, na ƙirga, a kowacce na kira shi na ce ya haye. Kafin mu kai ta goma bakina ya saba. Ashe ba shi da wuyar faɗa.

In kin kira waya zan ɗauka.

Yayarki,
A-Tao